Gyaran Keke a Gindin Dutsen Kagoro

Samarin da ke tsayawa a rumfata su sha inuwa da baburansu suna yawan ce mini, "Baba Luka, gyaran keke ma sana'a ce? Ai faci ne kawai da famfo." Ba na jin haushinsu. Sun taso sun tarar da kwalta da babur. Ba su san lokacin da keke ne motar malamin makaranta ba, shi ne motar fasto, shi ne motar mai citta, shi ne kuma ke kai ungozoma inda mace ke naƙuda. To, ku gyara zama ku ji.

Na shiga aikin nan shekara guda bayan an gama yaƙi, ina da shekara goma sha tara. Gonar babanmu ba ta ishe mu mu shida ba, sai kawuna ya kawo ni Kafanchan wurin wani dattijo, Baba Didam, mai rumfa a kan hanyar tashar jirgi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya yi aikin ƙarfe a reluwe kafin ya kama nasa. Matarsa ta rasu, ba su sami haihuwa ba, yana zaune shi kaɗai a ɗaki guda bayan rumfar. Hausarsa irin tamu ce ta nan, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ka iya hawa?" Na ce na iya. Ya ce, "Za mu gani."

Aikina na fari wanke boris ne, 'yan ƙwayoyin ƙarfen nan da ke cikin cibiyar ƙafar keke. Ya zuba mini kananzir a gwangwani ya ce in wanke su ɗaya bayan ɗaya, in murza kowace tsakanin yatsuna, wadda na ji ta yi kaushi in ware ta. Wata uku ina wannan da share rumfa. Akwatin kayan aikinsa kuwa kallonsa kawai nake yi. Akwatin katako ne, a ciki akwai sifana uku, da filaya, da ƙaramar guduma, da ƙarfen cire taya guda biyu da ya ƙera da hannunsa daga karyayyen ƙarfen mota, da gwangwanin sholisho na liƙa faci, da murfin gwangwani da ya huhhuda da ƙusa yana goge tib, robar cikin taya, da shi. Abu ɗaya ne ba ya shiga akwatin: ɗan makullin ɗaure sifok, wayoyin da ke riƙe ƙafar keke. Shi a wuyansa yake, rataye da igiya.

Facin da kuke rainawa ma ba a rana ɗaya na iya shi ba. Tib na farko da ya ba ni na wani mai tallan manja ne. Na tsoma a ruwa, na ga kumfa, na goge, na shafa sholisho, na liƙa, na buga iska. Mutumin bai kai kwanar kasuwa ba ya dawo yana turo keken. Baba Didam ya cire tayar, ya kama yatsana ya bi da shi ta ciki a hankali har sai da ƙaya ta soke ni. Ƙayar ƙerana ce, irin wadda ake shinge da ita a ƙauyukanmu. Ya ce, "Ka rufe ramin, ka bar wanda ya haƙa shi a ciki." Daga ranar ban sake liƙa faci ba sai na nemo abin da ya huda tib ɗin.

Rabin sana'ar a rumfa take, rabi a kan hanya. Manomi ba zai turo mataccen keke daga bayan dutse har Kafanchan ba, don haka mu muke bin su. Ranar kasuwar Kagoro muna Kagoro, ranar ta Manchok muna Manchok, wani lokaci mu yi Gidan Waya, wani lokaci har Kwoi. Da gari ya waye sai mu ɗaure akwatin a kariyar kekena, wurin ɗora kaya na baya, Baba ya hau nasa, baƙin keke mai tsayi wanda ba wanda ya isa ya taɓa shi. Hanyoyin duk jar ƙasa ce. Kana iya yin awa guda ba ka gamu da mota ba, sai mata da tulunansu, da Fulani da shanu, da ƙarar sarƙar kekenka. Da damina gajimare kan sauko ya zauna a kan dutsen Kagoro, ruwa na gangarowa ta jikinsa fari tas, gonakin acca kuma sun yi kore har bakin hanya. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin safe daga gidaje, wannan shi ne karin kumallonmu kafin mu isa inda za mu sami kunu.

Kekunan lokacin ba su da giya, ƙafarka ce giyarka. A hawa na farko da muka yi bayan Kagoro na miƙe tsaye a kan feda na wuce Baba da gudu, ina so ya ga na iya. Ban kai rabin tudun ba ƙirjina ya cika, na sauka ina haki. Shi kuwa ya zo ya wuce ni a zaune, yana karkata hagu da dama a faɗin hanyar, yana fito. A sama ya jira ni a gindin wata ɗorawa. Ya ce, "Dutse ba ya son gaggawa. Ka fara a hankali, ka sa numfashinka ya bi ƙafarka. In ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, ba kunya ba ne." Saukowa kuwa ita ya fi tsananta mini a kai. Birkin baya ake fara kamawa, ba na gaba ba. Ba a matse shi a riƙe, kamawa ake yi ana saki. In an yi ruwa, tun daga saman gangara za ka riƙa shafa birkin kaɗan-kaɗan don robar ta share laimar da ke jikin ƙarfen. Dokarsa babba ita ce: duk keken da ka taɓa birkinsa, ba ka mayar wa mai shi sai ka hau ka sauko gangara da shi da kanka.

Mun ga mutane iri-iri. Akwai mai cittar da kan ɗora buhu biyu a kariya, sifok su tsintsinke, ya zo yana cewa ƙarfen zamani ne ba shi da kyau. Akwai wanda ya zo da alade ɗaure a baya, muna gyara sarƙa aladen na ihu a kunnenmu. Shekarar da aka ce kowa ya koma tuƙi ta hannun dama kuwa, lanƙwasassun kawunan keke da muka miƙar sun fi a ƙirga, domin wanda ya ji sanarwa a rediyo da wanda bai ji ba sai su yi karo a kwanar hanya, kowa yana ganin shi ne da gaskiya.

A cikinsu duka ba wanda muke girmama kekensa kamar Mama Rifkatu. Ungozoma ce a wani ɗan ɗakin shan magani kusa da Kagoro, mace doguwa mai shekara arba'in da wani abu, ba ta da yawan magana. Kekenta na mata ne, kore, da ƙaramin akwatin ƙarfe a baya inda take sa almakashi da auduga da magunguna. Ƙauyukan bayan dutse duk ita ake kira. Baba kan ce, "Wannan mace ya iya hanya ya fi maza goma."

Wata ranar kasuwar Kagoro, a shekarata ta biyu, ta kawo keken muna zaune a gindin itacen atili ta ce robar birkin baya ta cinye. Baba na fama da wani keke da firam ɗinsa, ƙarfen jikinsa, ya tsage, sai ya ce in yi. Na sa sababbin robobi, na daidaita sandar birkin, na murza notin da ke riƙe ta da yatsa, da niyyar in ɗauko sifana in ɗaure. Daidai nan wani ya harbe kwanon ruwan facinmu da ƙafa, sai na tafi rafi ɗebo wani. Da na dawo babu koren keke.

Na ce, "Baba, ina keken Mama?"

Ya ce, "An zo kiransa, wata mace yana naƙuda tun jiya a bayan dutse. Ya tambaya ko an gama, na ga sabon roba, na ce an gama." Sai ya ɗago kai ya dube ni. "Ka hau shi?"

Na ce a'a.

"Ka ɗaure notin?"

Sai na tuna da yatsa kawai na murza shi. Notin da aka murza da yatsa yana riƙe birki a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mai keke ba zai ji kome ba. Sai an shiga doguwar gangara, an matsa da ƙarfi sau biyar ko shida, sannan sandar ta zame. Hanyar da ta bi kuwa mun san ta: hawa mai tsawo, sannan gangara mai shan kwana sau biyu, a ƙasa rafi da gadar katako.

Baba ya miƙe ya ciro sifana ya sa mini a aljihu, ya turo mini baƙin kekensa. "Nawa ya fi gudu. Tafi."

Ban taɓa hawa tudu kamar ranar ba. Na so in miƙe a kan feda, amma na san in na yi haka zan ƙare a rabi, don haka na zauna ina karkata hagu da dama, ina addu'a a cikin numfashi. Ina sa ran in same ta tana tura keke, domin ba ta hawa wannan tudun. A sama na tarar da wata tsohuwa da itace, na tambaye ta, ta nuna gangara ta ce yanzun nan ta sauka.

A kwana ta farko ba kome. A ta biyu na ga sawun taya ya bar hanya ya ratsa cikin gonar acca. Koren keken na kwance, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Mama Rifkatu na zaune a ƙasa, gwiwar hannunta na jini, akwatin a kan cinyarta ta buɗe tana duba ko kwalabe sun fashe. Da ta ji birkin ya tafi, ta ga rafi na zuwa, sai ta zaɓi gona.

Ta ce, "Luka? Allah ne ya kawo ka. Ka ga tsohon keken nan ya gaji, birkin ya saki."

Da na yi shiru da shi ke nan, ta riga ta ɗora wa keken laifi. Na durƙusa na ce, "Mama, ba keken ba ne. Ni ne ban ɗaure notin ba. Ki yafe mini."

Ta rufe akwatin ta ce, "Wannan maganar sai an jima. Sauke mini sirdin wancan."

Na ce, "Mama, na maza ne, kuma na Baba ne."

Ta ce, "Matar da ke jirana ba ta san wannan ba."

Na sauke sirdin, na ɗaure akwatinta a kariya. Ta naɗe hannunta da bandeji, ta tattare zanenta ta ɗaure tamau, ta ɗaga ƙafa ta tsallake sandar tsakiyar keken. Sai da ta matsa birki biyu ta ji sun kama sannan ta tafi. Na tsaya har na ji ƙarar katakon gada a ƙarƙashin tayarta. Daga nan na saɓa koren keken a kafaɗa na kama hanyar Kagoro da ƙafa.

Kasuwa ta fara watsewa lokacin da na iso. Baba ya ga keken a kafaɗata, bai ga nasa ba. Ya ce, "Yana da rai?" Na ce tana da rai, ta wuce da kekensa. Ya zauna a kan akwati ya rufe fuska da tafin hannu, ya yi godiya ga Ubangiji da yarensu. Bai dake ni ba, bai kore ni ba. Da muka koma Kafanchan ya ciro makullin sifok daga wuyansa ya miƙa mini, karo na farko ke nan, ya ce, "Kai ka lanƙwasa, kai za ka miƙe." Kwana uku na yi a kan ƙafar nan. Ka ɗaure sifok ɗaya a hagu, karkatar ta koma dama. Ka saki wancan, ƙafar ta yi tsalle. Yana zaune a gefe yana nasa aikin, sai dai ya ce, "Rabin murɗa, ba ɗaya ba." A rana ta uku na juya ta, ta yi ta zagayawa tsakanin robobin birki ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Mama Rifkatu ta dawo da baƙin keken a wanke. An haifi 'ya mace, uwa da ɗiya lafiya. Ta karɓi nata ta ce wa Baba, "Daga yau Luka ne zai riƙa taɓa mini birki." Baba ya ce, "Bayan abin da ya yi?" Ta ce, "Ya biyo ni, kuma ya faɗi gaskiya." Shekara goma sha ɗaya ina gyara mata keken nan, har ta yi ritaya.

Shekarar da ta fi mana wuya ita ce wadda ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta cika ido ba. Manoma suka rataye kekunansu a rufin ɗaki, abinci ya fi gyara. Kayan gyara ma suka ɓace daga kantuna, ba tib, ba robar birki, sholisho sai da sanayya. Mun yanka tsohuwar tayar babbar mota mun yi robar birki. Na ga tib mai faci ashirin da wani abu, facin ya fi tib ɗin yawa. Wanda nasa ya ƙare gaba ɗaya mukan cusa masa busasshiyar ciyawa da tsumma a taya, ya tafi yana jijjiga. Mukan je kasuwa mu dawo da mudun acca da 'yan ƙullin gwaza, mu raba a rumfa.

A shekarar ne kuma idon Baba ya fara rufewa. Ya daina zuwa kasuwanni, ya ce ƙafa ce ke damunsa. Wata rana na ga ya liƙa faci kusa da ramin, ba a kansa ba. Na bari ya zagaya bayan rumfa, na ɓare na sake. Daga nan duk abin da ya gyara sai in bi a ɓoye in duba. Mama Rifkatu ta raka shi asibiti, suka ce abin ya yi nisa, ba na aiki ba ne. Mun yi wata biyu a haka, shi yana yi kamar yana gani, ni ina yi kamar ban sani ba. Ran nan ina sake ɗaure wata sarƙa da ya haɗa a karkace, sai na ji muryarsa a bayana.

"Luka, tun yaushe kana bin aikina?"

Na ce, "Baba, dubawa kawai nake yi."

Ya ce, "Ka yi daidai. Birkin mutane ba wurin jin kunyata ba ne." Ya laluba ya zauna a benci. "Bayan Kirsimeti ka kai ni gida wurin ƙanwata. Rumfa taka ce."

Na ce zan nemi mota ta kai mu inda hanyar mota ta ƙare. Ya ce shi ba buhun citta ba ne, a keke ya fito daga garinsu, a keke zai koma.

Mun tashi da safe bayan mun yi addu'a da maƙwabta. Na ɗaure matashi a kariyar baƙin keken, na sa masa ƙarfe a cibiyar ƙafar baya inda zai ɗora sawu, ƙullin kayansa na gaba a kan keken. Ya zauna ya riƙe ƙuguna. Duk inda hanya ta yi gargada sai in ce, "Baba, riƙe da kyau." Bai ga kome ba sai haske da duhu, amma bai ɓata wuri ko ɗaya ba. "Mun wuce layin dogo." "Nan ne gidan mai alade, ina jin warinsu." "Wannan yashin na rafin kusa da majami'a ne." In tudu ya zo sai mu sauka, ni ina tura keke, shi yana riƙe da kariya yana bina. Mutane suka riƙa fitowa daga gonaki suna gaishe shi, domin kusan kowa ya taɓa kawo masa keke. Wata mata ta tsayar da mu dole sai mun sha kunun acca. Tafiyar awa huɗu ta zama ta yini.

Da la'asar muka kai saman tudu na ƙarshe. Garinsu na ƙasa a cikin kwari, rufin ciyawa da itatuwan mangwaro, dutse ya kewaye shi ta gefe uku. Gangarar doguwa ce, miƙaƙƙiya, babu kwana. Na fara sauka ina kamawa ina saki. Sai ya matse ƙuguna ya ce, "Akwai wani a hanya?"

Na ce babu kowa.

"Akuya?"

"Babu."

"To saki."

Na ce, "Baba, kai ne fa ka hana."

Ya ce, "Na hana. Yau na ce ka saki. Kaɗan."

Na saki. Keken ya ɗauke mu, iska ta cika mana riguna, hularsa ta tashi ta tafi. Sai na ji tsohon nan yana ihu a bayana kamar yaro, yana dariya, yana kiran sunan garinsu. Ban kama birki ba sai da muka kusa shingen farko. Da muka tsaya hawayen iska na gangarowa a kumatunsa, yana haki yana cewa, "Shekara nawa! Shekara nawa!" Ƙanwarsa ta fito a guje tana tsammanin wani abu ya faru.

Na kwana a can. Da safe na ce zan bar masa keken in koma da ƙafa. Ya ce makaho zai yi me da keke. Ya sa aka kawo shi gabansa, ya bi shi da hannu tun daga kai har kariya, ya danna tayar baya da babban yatsa ya ce iska ta ragu. Shi da kansa ya durƙusa ya buga, bai yarda na karɓi famfon ba. Ya kwance matashin ya riƙe a hammata. Sannan ya ce, "Tafi tun rana ba ta yi ba. Ka gai da Rifkatu."

Ya ƙara shekara huɗu a garin. Nakan je duk wata biyu, in same shi a gindin mangwaro da kwanon ruwa, yana nemo wa mutanen ƙauyen ramin tib da leɓensa, inda iska ke fita.

Amma wannan safiyar da na baro shi, na tura keken har saman tudun da muka sauko jiya, na tsinci hularsa a cikin ciyawa na sa a aljihu. Na hau. Keken ya yi mini sauƙi ƙwarai, har ina ta wuce gona da iri a feda. Ba kowa a hanya sai ni. Da na zo rafin farko, inda duwatsu suka fito a tsakiyar hanya, na rage gudu na ji bakina ya ce, "Baba, riƙe da kyau."